MANNA DA AWO: MAGANA A KAN CIWON KARKARWA DA MAGANINSA

Karatu: Fitowa 16:13-30; Ishaya 38:1-8, 21

Muna rubuto muku daga ƙasar Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ya ke ratsa gonaki rani da damina. Abin da za mu faɗa muku a watan nan, a bakin gadon wani dattijon ekklesiyarmu muka koye shi, rabinsa kuwa da kunya muka koya. Mun nemi izninsa kafin mu rubuta. Ya ce, "Pasto, rubuta duka, har da wautata, sai dai kada ka sa sunana." To, ba za mu sa ba. Baba za mu ce da shi, kamar yadda kowa ya ke kiransa.

Baba manomi ne. Yana da gona cikin filin ban ruwa, da damina shinkafa, da rani tumatir da alkama. Fiye da shekara ashirin shi ne ma'ajin ekklesiya, kuma littafin baiko ne ya fara tona asirin ciwonsa. Ran da muka zauna duban lissafin ƙarshen shekara, sai muka ga rubutun farkon shekara manya ne kamar yadda muka saba, na ƙarshenta kuwa ya ƙanƙance kamar sawun tururuwa. Kowane layi ya kan fara da girma, ya ƙare da ƙyar a ke karantawa. Bayan wannan muka lura da hannunsa na dama. In yana zaune cikin sujada ya ɗora shi a gwiwa, sai hannun ya yi ta rawa, babban yatsa yana murza manuni kamar mai duban ƙwayar dawa ko ta bushe. In ya miƙa hannun ya ɗauki fartanya, rawar ta ragu. Fuskarsa ta daina murmushi, har mata suka ce Baba yana fushi da su. Muryarsa ta yi ƙasa. Tafiyarsa ta koma gajerun taku, yana jan ƙafa, hannun nan kuwa ba ya lilo.

Ku san halinmu, ba mu barin ciwo ba fassara. Waɗansu suka ce tsufa ne. Waɗansu suka ce burkutun ƙuruciya ne ya biyo bashinsa. Waɗansu suka ce sammu ne, an binne masa abu a kan iyakar gona. Amma maganar da ta fi zafi ta fito daga cikin majami'a, a hankali, baki zuwa kunne: wai hannun da ya taɓa kuɗin Allah shi ne ke rawa. Muka ƙirga kuɗin nan sau biyu, ko kobo bai yi ciwon kai ba. Duk da haka maganar ta kai kunnensa, ya ajiye littafi, ya daina zuwa Jibin Ubangiji, gama ƙoƙon ya taɓa zubewa a rigarsa a gaban jama'a.

Ku tuna da makahon nan na cikin Yohanna sura tara. Almajirai suna ganinsa, abin da ya fara zuwa musu shi ne neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da tambayar gaba ɗaya, ya durƙusa ya kwaɓa ƙasa ya yi aikin jinƙai. Shekara dubu biyu ke nan, har yanzu tambayar almajiran nan ce ta fi saurin fita daga bakinmu.

Sai da aka shekara biyu ɗansa ya kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, muka raka su. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya sa shi tafiya ya komo, ya sa shi buɗe yatsu ya rufe da sauri, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu ya ji taurinta. Ya tambaye shi ko yana jin ƙanshin abinci, ko bayan gida yana yi masa wuya, ko ya kan yi faɗa cikin mafarki har ya buge matarsa. Baba ya yi mamaki, ya ce, "Likita, wa ya gaya maka?" Ashe waɗannan duka alamu ne da kan riga rawar hannu zuwa da shekaru. Likita ya ce ciwon Fakinsan ne, wanda mu ke ce da shi ciwon karkarwa.

Sunan na wani likita ne na birnin Landan, Jems Fakinsan, wanda ya rubuta bayanin ciwon a shekara ta 1817, bayan ya lura da mutum shida, waɗansu ma a kan titi ya gan su. Ga yadda abin ya ke. Can cikin ƙwaƙwalwa Mahalicci ya sa waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu yin wani sinadari da a ke kira dofamin. Shi ne ke sa motsi ya zo da sauƙi, mutum ya tashi, ya juya, ya ɗaura igiyar wando ba tare da tunani ba. In ƙwayoyin nan suka soma mutuwa, dofamin ya ragu, sai jiki ya yi nauyi, ya yi tauri, ya yi rawa. Ba a ɗauka a ƙoƙo, ba a ɗauka a gaisuwa. Yawanci bayan shekara sittin ya ke zuwa, ko da shi ke ya kan kama waɗanda ba su kai hamsin ba, ya kuma fi kama maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 masu ciwon nan sun wuce miliyan takwas da rabi. Ɗan damben nan Muhammadu Ali an gane yana da shi a 1984, ya rayu da shi har 2016. Duniya duka ta ga hannunsa yana rawa sa'ad da ya kunna wutar wasannin Olimfik a 1996, ba wanda ya ce kuɗin baiko ya ci.

Har yau ba a sami abin da ke warkar da ciwon ba, amma akwai magani mai ba da sauƙi ƙwarai, sunansa lebodofa. In ya shiga ƙwaƙwalwa sai ya zama dofamin ɗin nan da ya ragu. Labarinsa abin lura ne. A 1913 wani masani a ƙasar Suwizalan, mai suna Gugenhaim, ya tace shi daga wani irin wake, ya gwada a kansa, ya yi ta amai. Aka ajiye shi shekaru da yawa ba a san amfaninsa ba. A 1961 likitoci a birnin Biyena suka yi allurarsa ga masu ciwon, waɗanda ba su iya tashi suka tashi, amma bayan 'yan sa'o'i suka koma yadda su ke. Sai a 1967 wani likita a Amurka, Kotsiyas, ya nuna hanya: a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu sannu har jiki ya saba. Daga baya aka haɗa shi da wani abokin tafiya, kabidofa, mai tsare shi kada ya narke cikin jini kafin ya kai ƙwaƙwalwa, mai kuma rage tashin zuciya. Su biyu ne cikin ƙwayar da a ke sayarwa da sunan Sinemet da makamantanta. Kun gani ke nan, fiye da shekara hamsin maganin yana hannun mutane, abin da ya rage musu shi ne sanin awo.

Wannan ya kawo mu ga karatunmu. Sa'ad da Allah ya ciyar da Isra'ila cikin jeji, yana da iko ya zubo musu abincin shekara arba'in rana ɗaya su cika rumbuna. Bai yi haka ba. Ya ba su manna da awo, kowane kai awo ɗaya da a ke kira omer. Ya ba su da lokaci, gama in rana ta yi zafi ya narke, mai jinkiri ya koma hannu wofi. Ya ba su kowace safiya, waɗanda kuwa suka ɓoye saboda tsoron gobe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Ranar da ya kamata a ɗebi ninki biyu, watau jajiberin Asabar, Shi da kansa ne ya faɗa, ba dabararsu ba ce. Mu mutanen ƙasar nan bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mun san ruwa ɗaya ne ke rayar da tumatir, shi ne kuma ke kashe shi. Ka hana fangali ruwa kwana uku cikin zafin Maris, ganye ya yanƙwane. Ka sake masa ruwa dare da rana, saiwa ta ruɓe, kanwa ta taso, kacalla ta cinye hanyar ruwa. Wanda ya san ranar ban ruwansa, ya san lokacin buɗewa da lokacin toshewa, shi ke kai kwanduna Kwanar Gafan.

Likita ya fara Baba da rabin ƙwaya sau uku a yini. Makon farko ya sha wuya. Zuciyarsa tana tashi, in ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi, gama maganin ya kan saukar da ƙarfin bugun jini. Ya ce ba zai ƙara sha ba. Matar ɗansa ce ta lallashe shi, ta riƙa ba shi ɗan gutsuren burodi tare da ƙwayar, ta kuma sa shi zama a bakin gado ya ɗan jima kafin ya tashi. Cikin wata guda tashin zuciya ya lafa. A nan akwai abin kiyayewa: kada a sayo wa mai ciwon nan maganin amai a kanti ba da sanin likita ba. Waɗansu, irin su Maxolon da Stemetil, suna toshe aikin dofamin, sai su ƙara ciwon. Wata uku bayan haka Baba ya ɗaura igiyar takalminsa da kansa, ya hau keke ya tafi gona. Ekklesiya ta yi waƙa. Mu ma muka yi kuskuren cewa ya warke.

Shekara huɗu abin yana tafiya lafiya, likita yana ɗan ƙara awo jifa-jifa. Sa'an nan ƙarfin maganin ya soma gajarta. Dā ƙwayar safe ta kan kai shi azahar, yanzu kafin sa'a uku jiki ya ɗaure. Wata rana a bakin ƙofar majami'a ƙafafunsa suka manne da ƙasa kamar an kafe su, jama'a suna bayansa suna jira. Ba maganin ne ya lalace ba, ciwon ne ya ci gaba. Lebodofa ba ya daɗewa cikin jini, cikin sa'a ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. Da farko ƙwaƙwalwa ta kan ajiye ta riƙa tsiyayarwa, amma da ƙwayoyin nan suka ƙara mutuwa sai wurin ajiya ya ragu, jiki ya koma bin hawa da saukar maganin kai tsaye.

Baba ya yi lissafin manomi marar haƙuri: in buhun taki ɗaya ya yi kyau, biyu za su fi. Ya riƙa shan ƙwaya biyu tare bai gaya wa kowa ba. Sai ga wani sabon abu. Kafaɗa tana murɗewa, kai yana lilo, ƙafa tana harbin iska, baki yana taune-taune, shi kuwa ba ya iya tsayar da su. Wannan dabam ya ke da rawar hannu ta ciwon. Rawar ciwo tana zuwa sa'ad da magani ya yi ƙasa, murɗe-murɗen nan kuwa sa'ad da ya kai ƙololuwa. Mutanen gida ba su san bambancin ba, suna ganin motsi sai su ce ciwo ya tashi, su ƙara masa ƙwaya, abu ya ƙara lalacewa. Maƙwabta suka ce bori ne ya hau shi, na kakanninsa da ya bari. Da muka koma asibiti, likita ya rage yawan abin da ya ke sha a lokaci ɗaya, ya raba shi sau huɗu: ƙarfe shida, ƙarfe goma, ƙarfe biyu, ƙarfe shida na yamma. Cikin mako biyu borin ya sauka ba da girka ba.

Ya kuma koya mana wani abu da ba mu taɓa tsammani ba. Nama, da wake, da ƙwai, da nono, suna kokawa da maganin a hanyar shiga jini. Baba kuwa ɗan fura da nono ne, da ita ya ke kora ƙwayar azahar, shi ya sa ta azahar ba ta aiki. Aka ce ya sha da ruwa rabin sa'a kafin abinci, ko sa'a guda bayansa, ya kuma tura yawancin namansa da wakensa zuwa dare. Ba a ce ya daina ci ba, gama ramewa ma hatsari ce. Ƙwayar ƙarin jini ma tana hana maganin shiga, sai a raba tsakaninsu. In ciki ya ɗaure, magani ya kan makara, saboda haka ruwa da yawa, da zogale, da kuɓewa, da gwanda. Tafiya kowace rana da motsa gaɓoɓi su ma magani ne, ba su kuwa cin ko sisi.

Akwai masu cewa kada a fara lebodofa da wuri, a tanada shi saboda gaba, wai yawan shekarun shansa ne ke kawo murɗe-murɗen nan. Likitocin Italiya da na Gana sun bincika wannan cikin marasa lafiya na ƙasar Gana, waɗanda da yawansu sun yi shekaru da ciwon ba su sami magani ba, suka buga sakamakon a 2014. Abin da suka gani shi ne, matsalolin nan suna bin daɗewar ciwon da yawan awon da a ke sha a yini, ba su bin yawan shekarun da aka yi ana sha. Wanda ya jinkirta bai tanadi kome ba, shekarun ƙarfinsa kawai ya yar. Tsoron gobe ne ya sa manna ya yi tsutsa.

Yanzu mun zo wurin da alƙalami ya ke yi mana nauyi. A makon addu'a da azumi na farkon shekara mun gayyato wani baƙon mai wa'azi. Daren na biyu ya ɗaga murya ya ce duk mai bangaskiya ya kawo maganinsa gaba ya ajiye, gama mai shan ƙwaya yana shakkar ikon Allah. Muna zaune a bayansa. Mun sani ba daidai ba ne. Kunyar baƙo ta rufe mana baki, muka ce a ranmu gobe ma gyara. Baba ya taso da gajerun takunsa ya ajiye kwalinsa a kan tebur, jama'a suna tafi. Kwana uku bayan haka ɗansa ya buga mana ƙofa da tsakar dare. Muka tarar da Baba ya sandare kamar busasshen itace, jiki zafi rau, gumi yana zuba, ba ya iya haɗiye ko ruwa, ba ya gane kowa. A mota muka kai shi Kano, ta hanci aka zura roba aka ba shi maganin. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance. Likita ya ce daina lebodofa farat ɗaya ya kan kashe mutum. Ya dube mu ya ce, "Wa ya ce ya daina?" Muka ce, "Likita, a gabanmu aka faɗa, ba mu hana ba."

'Yan'uwanmu masu aikin bishara, ku ji mu. Allah ya riga ya yi wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara goma sha biyar, har ya ba shi alama a inuwar rana, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Alkawari da ɓaure daga hannu ɗaya suka fito. Bulus ya yi mu'ujizai, amma ya yi tafiya da Luka likita, ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, ya kuma ba Timoti shawara saboda ciwon cikinsa, har ya ƙayyade masa cewa kaɗan. Wanda ya taɓa cewa a faɗo daga kan haikali don a nuna bangaskiya, kun san ko wane ne shi, kun kuma san amsar da Ubangiji ya ba shi. Muna ba da gaskiya Allah yana warkarwa. In ya warkar, likita zai gani ya rage maganin da hannunsa, kamar yadda Ubangiji ya aiki kutare su nuna kansu ga firist. Mai ciwon karkarwa kuma ba a ɗora masa azumin da zai hana shi ƙwayarsa a kan lokaci. In yana so ya yi tarayya da mu, ya bar wani abu dabam. Ran Lahadin da ta biyo muka tsaya gaban ekklesiya muka roƙi gafara, ta Allah da ta Baba.

Sauran abu ɗaya, shi ne ya kusa raba gida. Shekarar da tumatir ya faɗi a kasuwa kuɗin magani ya gagara. Baba ya riƙa karya ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, yana yini a kwance. Wani mai kantin magani ya ce ga mai araha, shi ma yana tsayar da rawar hannu, ya ba su Exol, ƙwayar nan da samari ke sha don maye. Gaskiya ne likitoci su kan rubuta ta saboda rawar hannu, amma ga tsofaffi tana da sharri: baki ya bushe, gani ya yi hazo, fitsari ya tsaya, ciki ya ɗaure, tunani ya rikice. Da magariba Baba ya fara ganin yara ƙanana zaune a kan katanga. Sa'an nan ya ce yana ganin wata mace tsaye a ƙofar ɗaki da dare tana kallonsa, kuma wai ta yi kama da matar ɗansa. Kun san abin da wannan magana ta ke nufi a ƙauye. 'Yan'uwansa suka taru, aka ce mayya ce, ita ta kama kurwarsa, a kore ta. Yarinyar nan ita ce mai tashi da asuba ta ba shi ƙwayar ƙarfe shida, ita ce mai wanke masa riga. Wannan karon ba mu yi shiru ba. Muka ce ba wanda zai taɓa ta sai an ji ta bakin likita. Likita ya janye Exol sannu a hankali, yara suka sauka daga katanga, macen ƙofa ta ɓace. Ya ce gane-ganen nan kan zo daga ciwon kansa in ya daɗe, ko daga lebodofa, ko daga zazzaɓi da ciwon mafitsara, kuma ana iya gyarawa in an faɗa da wuri. Baba ya sa aka kira ta. Ya ce, "'Yata, na ɗauki alhakinki, ki yafe mini." Ta durƙusa ta ce, "Baba, ba kome, ciwo ne ya yi magana."

Dattawan ekklesiya, ga wani gargaɗi dominku. Akwai wani jinsin maganin ciwon nan, irin su firamifezol da rofinirol, wanda kan sāke halin waɗansu masu shansa. Mutum mai kamun kai sai ya afka caca, ko ɓarnar kuɗi, ko ci ba ƙoshi, ko sha'awar da ta wuce iyaka, in an rage maganin kuma ya komo hankalinsa yana kuka. Ba mu ce zunubi ya daina zama zunubi ba. Amma kafin ku sa mai ciwon nan a ƙarƙashin horo, ku tambayi iyalinsa wace ƙwaya ya ke sha, yaushe aka fara, yaushe halin ya sāke. Matan aure, kada kunya ta hana ku gaya wa likita.

Samari masu feshi, ku ma muna da magana da ku. Muna ganinku a gonaki da tanki a baya, ba takalmi, ba abin rufe hanci, kuna dama magani da hannu, in bakin feshi ya toshe ku hura da baki, ku wanke tanki a hanyar ruwan da yara ke wanka. Binciken da aka buga a Amurka a 2011 cikin manoma ya nuna masu aiki da farakwat, maganin ciyawan nan da aka fi sani da Gramoxone, sun ninka sauran sau biyu da rabi wajen kamuwa da ciwon karkarwa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sa shi cikin waɗanda ta hana a ƙasarmu. Ba kowane mai feshi ke kamuwa ba, akwai kuma masu ciwon da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Baba ya yi shekara talatin yana feshi, likita ya ce ba zai iya rantsewa shi ne dalili ba. Amma Baba da kansa ya saya wa jikokinsa safar hannu da takalmin roba.

Waɗansu sun ji labari wai 'ya'yan ƙarara suna da lebodofa. Gaskiya ne, likitoci ma suna bincike a kan yadda za a soya su a niƙa a auna saboda ƙasashen da ƙwaya ta yi tsada. Amma ƙarfinsu ya bambanta daga wannan shuka zuwa waccan, ba su kuma da kabidofa. A ƙasar Mozambik, lokacin yunwa a ƙarshen shekarun 1980, mutane da yawa sun ruɗe kamar mahaukata bayan sun ci su. Kada kowa ya daka wa tsohonsa a turmi.

Ga abin da mu ke yi yanzu a wurinmu, ko zai amfani wata ekklesiya. Daga baikon godiya na kaka mun ware kashi saboda maganin masu doguwar jinya, ba Baba kaɗai ba, akwai gwauruwa mai ciwon suga da yaro mai farfaɗiya. Ana sayen na wata biyu gaba kada ya yanke, ana kuma duba lambobin da ke jikin kwali, gama akwai mai 250 da 25, akwai mai 100 da 25, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne ko da sunan ɗaya ne. Wani saurayi ya saita ƙararrawa a wayar gidan sau huɗu. Matar ɗansa tana riƙe da ɗan littafi, tana rubuta lokacin da ya sha, da lokacin da jiki ya sake, da lokacin da ya ɗaure, da abin da ya ci. Likita ya ce littafin nan ya fi masa amfani da dogon bayani, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Mun kuma lura ƙarfinsa ya fi kyau wajen ƙarfe goma sha ɗaya, saboda haka muka matsar da addu'ar dattawa zuwa lokacin, shi ke yin ta, ana riƙe masa abin magana kusa da baki. A Jibin Ubangiji ɗansa ne ke tallafe ƙoƙon daga ƙasa, hannun Baba yana bisa.

Ciwon bai tsaya ba. Bana ya fi bara nauyi, ya bar hawan keke, ya kan ƙware in yana shan ruwa. Abin da ya fi damunsa yanzu shi ne asuba, sa'ad da ƙwayar yamma ta ƙare, ya kasa juyawa a kan gado sai an juya shi. Zai koma asibiti farkon wata mai zuwa, an riga an rubuta wannan tambaya a shafin farko na ɗan littafin. Ku tuna da shi cikin addu'a, da matar ɗansa kuma, gama tana da ciki wata bakwai, har yanzu ba mu sami wanda zai karɓe ta a ƙwayar ƙarfe shida ba.